Yadda ake buɗe kwalbar da aka rufe bakinta da kaki

Duk wanda aka taɓa kawo wa tsarabar man zaitun ko khal daga waje, ko ya sayi ruwan inabi marar barasa irin wanda ake ɗorawa a teburin ango da amarya, wataƙila ya ci karo da kwalbar da aka tsoma bakinta cikin kaki, ja ko baƙi ko ruwan gwal, ya ɗan gangaro wuyanta ya daskare. Babu murfin da za a murɗa, babu takardar da za a ɓare. Sai ka ga mutum ya ɗauko wuƙar yanka albasa ya hau sassaƙa, daga nan kuwa sai yankan yatsa, sai burbushin kaki a cikin mai, wani lokaci har da ɓallewar bakin kwalba. Alhali yawancin irin waɗannan kwalabe ba sa bukatar sassaƙa ko kaɗan. Abu biyu ake so mutum ya gane kafin ya kai ƙarfe: wane irin kaki ne, kuma mene ne a ƙarƙashinsa.

Al'adar ta samo asali ne daga masu giya na Turai. Suna ajiye kwalabe shekara da shekaru a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi, inda ƙwari da fumfuna ke ɓata matoshi, sai suka riƙa tsoma bakin kwalbar cikin narkakken kaki don kare shi. Daga baya aka koma sa wa bakin hular dalma, ita kuma aka hana ta a Turai da Amurka a shekarun 1990 saboda gubarta (mu a wannan yanki ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, tun abin da ya faru a Zamfara a 2010). Yau kakin yawanci ado ne da nuna tsada, kuma masu man zaitun da khal da zuma duk sun ara. A Reggio Emilia ta Italiya, khal ɗinsu na gargajiya a 'yar kwalba mai mililita 100 ake zuba shi, a toshe, a buga masa hatimin kaki.

Ka fara karanta takardar jikinta

Kwalbar giya da ta ruwan inabi marar barasa sak suke, girma ɗaya, yawanci mililita 750, launi ɗaya, kaki ɗaya. Don haka ba a gane su da ido. Abin da ake sayarwa da sunan marar barasa ma iri biyu ne. Akwai ruwan inabin da aka matse aka ɗumama shi don kashe abin da ke sa shi ya rikiɗe, hanyar da Thomas Welch ya fara bi a Amurka a 1869, wannan bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda sai da ya zama giya sannan aka cire masa barasar, kuma irin wannan yakan iya rage har 0.5% a ciki. Ka duba ko 0.0% aka rubuta ko 0.5%. Hukuncin na biyun malami ake tambaya, mai shago ba zai yi maka fatawa ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kaki kuwa ba shaidar inganci ba ne, duk mai gwangwani da kyandir zai iya tsoma kwalba.

Sannan ka kalli bakin da kyau. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kwalbar da ta kwana a but ɗin mota ko ta wuni a rana a gaban shago kuwa abin da ke cikinta yana kumbura ya turo matoshi sama. Idan ka ga kakin ya tsage daga sama, ko wani danshi mai danƙo ya biyo wuyan kwalbar, iska ta riga ta shiga. In ruwan inabi ne, kada ka saya. In an riga an kawo maka, ka shinshina shi sosai bayan buɗewa kafin ka ba kowa.

Gane kakin da abin da ya rufe

Danna farcen babban yatsa a gefen kakin, can ƙasa inda ya ƙare. Idan farcen ya bar shaida, mai laushi ne, irin na zamani da ake haɗawa da kakin kyandir da wani sinadari mai ɗan roba-roba. Idan farcen ya zame, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙas-ƙas, mai tauri ne, irin na da da ake yi da ƙaron itace. Wannan fashewa yake yi, ba ya lanƙwasawa.

Yanayi yana iya ruɗa ka a nan. Kakin da zai yi laushi har ya manne a yatsa a watan Afrilu, shi ne zai ƙandare da sanyin asubar hunturu ya riƙa ɓarewa. Haka wanda aka fito da shi daga firji yanzu. Kada ka yanke hukunci kan kwalba mai sanyi, ka bar ta ta ɗan sha iskar ɗaki tukuna. Banda kwalba mai gas, ita da sanyinta ake buɗe ta, za mu zo kanta.

Daga nan sai ka shafa saman da yatsa. Idan shafaffe ne, faɗinsa daidai da bakin kwalbar, matoshi ne na ɓawon itace da aka cusa ciki gaba ɗaya, kuma zare shi aikin barima ne, ƙarfen nan mai murɗe na buɗe kwalba. Ɓawon wata bishiya ne da ke tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya, kuma sai bayan shekara 9 ake sake ɓare bishiya ɗaya. Idan kuwa ka ji wani kai ya ɗago sama da bakin kwalbar, da ɗan lungu a ƙarƙashinsa, to matoshi ne mai kan katako ko na roba, wanda da hannu ake zare shi. Kwalaben man zaitun da khal da zuma sun fi zuwa da wannan. Idan ka ji zane-zane a tsaye ko layin zare a ƙarƙashin kakin, murfin ƙarfe ne na murɗawa. Wannan shafawar ta 'yan daƙiƙu ita ce rabin aikin, domin wanda ya kafa barima a kan murfin ƙarfe ko kan katako ya ɓata murfi ya lanƙwasa barima.

Ka kuma duba gefe ko akwai ɗan harshen leda ko zare da ya leƙo daga cikin kakin. Wasu kamfanoni sukan naɗa shi kafin su tsoma kwalbar. In akwai, jan sa za ka yi ya zagaye wuyan, saman kakin ya fita da kansa.

Kayan aiki

Barima, wato ƙarfen nan mai murɗe da ake dasawa a matoshi. Wadda ta fi dacewa ita ce mai naɗewa da masu hidima a otal ke sawa a aljihu: tana da 'yar wuƙa, da ƙarfen murɗi, da ƙafa mai gaɓa da ake dogara ta a bakin kwalba. Wani Bajamushe, Karl Wienke, ya yi rajistar irinta a 1882, ko da yake Samuel Henshall na Ingila ya riga shi rajistar barimar kwalba tun 1795. A neme ta wurin masu kayan kicin a Babbar Kasuwa ko manyan kantuna, sau da yawa kuma akan same ta a jikin wuƙar aljihu mai baki da yawa. Barima mai fukafukai biyu ba ta yi wa wannan aiki, domin zobenta ba ya zama daidai a kan bakin da kaki ya ƙara wa kauri.

Sai tsumma mai tsabta guda biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, da faranti mai faɗi ko tsohuwar jarida da za a ɗora kwalbar a kai, da cokali, da ruwan ɗumi a kofi.

Kaki mai laushi a kan matoshin itace

Wannan shi ne wanda aka fi haɗuwa da shi, kuma hanyarsa ta fi sauƙi: ka yi kamar kakin ba ya nan.

Ka tsayar da kwalbar a kan faranti, a teburin da ba ya rawa, ko a ƙasa in a tabarma kake. Goge ƙurar saman da jiƙaƙƙen tsumma, domin a garin nan ba a rasa ƙura a kan komai. Idan lokacin sanyi ne, ka dafe saman da tafin hannu ka murza na rabin minti, ɗumin hannu ya isa. Da bazara kuwa akasin haka ake yi: in kakin ya yi taushi har yana kama yatsa, ka naɗa masa tsumman ruwan randa na ɗan lokaci ya daidaita, don kada ya cakuɗe a jikin barima.

Nemi tsakiyar saman. Kakin yana ɓoye iyakar matoshi, don haka ka auna da ido daga gefen kwalbar, ka sa tsinin barimar ka yi ɗan ɗigo. Ka fara shigar da tsinin a ɗan karkace, da ya kama sai ka miƙar da ita tsaye, ka riƙa murɗawa ta hannun dama kana dannawa a hankali. Zagaye na farko da na biyu za ka ji santsi, kaki ne. Daga nan sai ta yi nauyi, ka shiga matoshi ke nan. Ci gaba har sai saura zagaye ɗaya a waje. Matoshi yakan kai santimita 4 zuwa 5, kakin kuma ya cinye wani ɓangare na tsawon barimar, shi ya sa ake shigar da ita fiye da yadda za a yi wa kwalba marar kaki.

Yanzu ka sauke ƙafar barimar ta dogara a gefen bakin kwalbar. Kan kaki za ta zauna, kuma tana iya zamewa, saboda haka ka danne ta da yatsun hannun da ke riƙe da wuyan kwalbar. Ɗaga mariƙin a hankali. Za ka ga kakin ya tsage a zagaye, wani faifai ya taso tare da matoshin.

A nan ne ake tsayawa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin gaggawa. Da matoshin ya fito kamar rabi, ka dakata. Bakin kwalbar a toshe yake har yanzu, ba abin da zai faɗa ciki. Ka sa yatsa ko 'yar wuƙar barima ka ɓamɓare guntayen kakin da ke gefen baki, ka ture su waje, ka goge da busasshen tsumma, ka sake gogewa. Wannan tsayawar ce ke raba man da ya fito tas da wanda za a zauna tacewa. Bayan nan sai ka koma gaɓa ta biyu ta ƙafar barimar in tana da ita, ka ƙara ɗagawa, in ya rage kaɗan ka kama matoshin da hannu ka jijjiga shi ya fita. Kafin ka zuba, ka naɗa tsumma a ɗan yatsa ka share cikin bakin daga ciki zuwa waje.

Kaki mai tauri

Idan ka kafa masa barima kai tsaye zai tarwatse ya watsu ko'ina, wani ya faɗa cikin abinci, wani a ido. Hanya biyu ce.

Ta farko, a tausasa shi. Ka jiƙa tsumma da ruwan zafi irin wanda hannu zai iya daurewa, ka naɗe bakin kwalbar na minti ɗaya ko biyu, ko ka kifa kwalbar ka tsoma bakinta kawai cikin kofin ruwan na ɗan lokaci. Ba narkar da shi ake nema ba, a dai rage masa taurin kai. Da ka ji farce ya fara kama shi sai ka bi hanyar da aka bayyana a sama. Kada ka zuba tafasasshen ruwa a kan kwalba, balle wadda ta fito daga firji, gilashi yana tsagewa idan zafi ya same shi farat ɗaya. Kada kuma ka kai mata ashana ko wutar risho. Kakin kyandir yana kama wuta, hayaƙin yana baƙanta bakin kwalba, idan kuma turare ne a ciki to haɗarin ya ninka.

Ta biyu, a fasa shi da gangan amma a rufe. Ka lulluɓe bakin da tsumma, ka riƙe wuyan ta saman tsumman, ka riƙa bugun gefen saman da bayan cokali kaɗan-kaɗan kana juya kwalbar. Bugun da za ka yi wa dafaffen ƙwai don ɓare shi, kada ya wuce haka. In ka yaye tsumman za ka tarar ya farfashe, sai ka tsince da yatsa har saman matoshi da gefen bakin su bayyana. Kakin da ke wuya ka bar shi, bai tare maka komai ba. Goge, sannan ka sa barima.

Ni na fi son ta farkon in akwai ruwan zafi kusa, domin ta biyun tana barin gari-gari mai wuyar sharewa, kuma akwai masu nauyin hannu da ba su san kaɗan ba.

Matoshi mai kai da murfin murɗawa

Waɗannan ba ruwansu da barima. Ka lalubi lungun da ke tsakanin kan matoshin da bakin kwalbar, ka ɗora 'yar wuƙa a nan, ka riƙe ta wuri ɗaya ka juya kwalbar da ɗaya hannun har zanen ya haɗu. Kwalbar ake juyawa, wuƙar ba ta motsi, kuma kaifinta ya kalli nesa da yatsunka. Ka maimaita har ka ji ƙarfe ya taɓa gilashi. Sai ka kama kan da tsumma, ka murɗa kana ja sama. Idan zuma ce ko wani abu mai suga kuma ya manne, tsumman ruwan ɗumi zai sake shi. Kada ka lanƙwasa shi gefe da ƙarfi, kan yana rabuwa da jikin matoshin ya bar shi a ciki.

Murfin ƙarfe ma haka ne, a yanka kakin daidai ƙasan murfin, a ɓare abin da ya hana yatsu kamawa, a murɗa ta hagu.

Mai gas

Kwalbar da ke da kauri, da kai mai tudu da waya ta ɗaure shi, ba a kai mata barima ko da wasa, ko an tsoma ta a kaki ko an naɗe ta da takarda mai ƙyalli. Iskar da ke matse a ciki tana iya harba matoshin da ƙarfin da zai lahanta ido, kuma zafi yana ƙara mata ƙarfi. A sanyaya ta sosai tukuna, awa biyu ko uku a firji, in ba wuta a sa ta a kula da ƙanƙara da ruwa na kamar rabin awa. A wurin biki za ka ji abokan ango suna ta "girgiza ta, girgiza ta!" Kada ka biye musu, rabin abin da aka saya a ƙasa zai ƙare, ga kayan amarya.

Ɓare kakin ko takardar har wayar ta fito. Ɗora babban yatsa a kan matoshin, kada ka ɗaga shi daga nan har a gama. Warware zoben wayar, yawanci rabin juyi shida ne. Karkata kwalbar rabi tsakanin tsaye da kwance, bakinta ya kalli inda ba mutum, ba ƙwan lantarki, ba gilashin taga. Lulluɓa tsumma, ka riƙe matoshin gam, ka juya kwalbar daga gindinta a hankali. Za ka ji yana turo kansa, sai ka riƙa tare shi har iskar ta fita da ɗan huci. Ka bar ta a karkace na 'yan daƙiƙu kumfar ta kwanta.

Idan matoshi ya karye, ko babu barima

Busasshiyar iskarmu tana busar da matoshin itace, musamman a kwalbar da ta daɗe a tsaye, sai ya gutsure rabi ya rage a wuya. Ka share burbushin, ka sake dasa barimar a karkace ta nufi bangon gilashin, kana murɗawa ba tare da dannawa sosai ba, sannan ka ja sama sannu a hankali. In ya ƙi, ka tura shi ciki da mariƙin cokali, ka rufe bakin da tsumma saboda fantsama, ka tace abin ta farin ƙyalle mai tsabta ko matacin shayi zuwa wata kwalba. Haka za ka yi in kaki ya faɗa ciki. Guntun kakin zuma ba ya cutarwa, amma mai launi wanda ba ka san da me aka rina shi ba gara a tace shi.

In babu barima, ka nemi dogon sukuru sabo marar tsatsa, ka wanke shi, ka murɗa shi cikin matoshin da sukudireba ka bar kamar santimita 2 a waje, sannan ka kama kansa da filaya ka ja sama kana jijjigawa, wani ya riƙe maka kwalbar a ƙasa. Dabarar da ake nunawa a intanet ta sa gindin kwalba cikin takalmi a buga da bango, a bar ta can. Idan kuwa bakin kwalbar ya ɓalle ko ya tsage yayin buɗewa, ƙananan tsinin gilashi ba sa ganuwa a cikin mai ko zuma, zubar da shi ya fi.

Bayan an buɗe

Kakin ba ya komawa, matoshin ne kaɗai zai ci gaba da aiki. Ka kankare sauran kakin da ke kansa, ka mayar da shi ta gefen da yake ciki tun farko, domin na saman ya sha ƙura. Man zaitun a ajiye shi a kabad mai duhu nesa da murhu, haske da zafi ne ke sa shi ya yi ɗaci da wari. Zuma a rufe ta gam, musamman da damina, saboda tana jan danshi daga iska. Ruwan inabi shi ne mai wuyar sha'ani: da zarar an buɗe shi, sugar da ke ciki ta haɗu da iska da zafi, zai fara tsami yana rikiɗewa zuwa abin da aka guda tun farko. A firji yakan yi 'yan kwanaki. Idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, a shanye shi a ranar, wanda ya kwana a waje kuma ka ji ya fara huci ko warinsa ya canza, a zubar.